Kwalejojin Share Fage: Karatu da Naira, Lissafi da Fam

A cikin watan Agusta na kowace shekara, lokacin da hukumar jarrabawa ta Cambridge da ke Ingila take sakin sakamakon jarrabawar A-Level ta zangon Mayu da Yuni, akwai gidaje da dama a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko inda hankalin mutanen gida yake rabuwa biyu. Ɗalibi yana duban makin da ya samu, mahaifinsa kuwa yana tambayar nawa aka sayar da fam a wurin 'yan canji. A 'yan shekarun nan, amsar tambaya ta biyu ita ta fi yanke hukunci a kan ko yaro zai hau jirgi a watan Satumba ko kuwa zai sake shekara a gida.

Ɗaliban da ake magana a kansu sun fito ne daga wani rukunin makarantu da ya bunƙasa ba tare da hayaniya ba, wato kwalejoji masu zaman kansu waɗanda suke karɓar yaran da suka gama sakandare, su riƙe su na tsawon wata tara zuwa shekara biyu, su shirya su don shiga jami'o'in ƙasashen waje. Wasunsu sassa ne na manyan makarantun sakandare na kuɗi, wasu kuma cin gashin kansu suke yi a gidajen haya da aka mayar azuzuwa a unguwannin masu hali. Ikko ce cibiyarsu ta asali, amma Abuja ta daɗe da bin sahu.

Abin da ya sa ake bukatar irin wannan gada shi ne bambancin tsarin ilimi. Yaron Nijeriya yakan yi shekara 12 tsakanin firamare da sakandare, takwaransa na Ingila kuwa 13 yake yi kafin ya shiga jami'a. Saboda haka akasarin jami'o'in Birtaniya ba sa ɗaukar mai takardar WAEC ko NECO kai tsaye zuwa shekarar farko ta digiri, sai ya cike wannan giɓi. Cike giɓin shi ne hajar da waɗannan kwalejoji suke sayarwa.

Dalilan da suka samar musu da masu saye ba ɓoyayyu ba ne. A 2024, haka kuma a 2025, kimanin ɗalibai miliyan 1.9 ne suka zauna jarrabawar hukumar JAMB, alhali guraben da ake rububi a kansu, wato likitanci da aikin lauya da injiniya da harhaɗa magunguna a manyan jami'o'in gwamnati, ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya samu gurbin ma bai tsira ba. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ga ɗan kasuwa, wanda ya san cewa lokaci ma jari ne, digirin shekara huɗu da ba a san ranar gama shi ba tamkar kaya ne da aka ɗora a mota ba a faɗi ranar isowa ba.

Jami'o'i masu zaman kansu na cikin gida sun ɗauke wani kaso na wannan cunkoso. Gwamnatin soja ta haramta su a 1984, wata doka ta 1993 ta sake buɗe ƙofa, sannan a 1999 aka ba uku na farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna. Daga baya Arewa ta samu nata, irin su Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, da Al-Qalam ta Katsina, da Nile da Baze a Abuja, da Skyline a Kano. Duk da haka akwai iyayen da idonsu yake kan takardar ƙetare, ko dai don darajarta, ko don damar aiki a can bayan an gama.

Rayuwar cikin kwaleji

Wanda ya ɗauka cewa makarantar masu kuɗi wurin hutu ce, bai ga jadawalin waɗannan yara ba. Tsarin A-Level na shekara biyu ne a inda aka ƙirƙiro shi, amma kwalejoji da yawa a nan sukan matse shi cikin shekara ɗaya, domin iyaye suna gaggawa kuma ba kowa yake iya biyan shekara biyu ba. Sakamakon haka ɗalibin kwana yakan tashi tun asuba, ya shiga aji da misalin ƙarfe takwas, ba zai fito ba sai bayan la'asar, sannan ya koma nazarin dare har zuwa lokacin da za a kashe janareta. Asabar ma ba ta tsira ba, ita ce ranar jarrabawar gwaji.

Darussa uku kawai akasari ake ɗauka, abin da yakan ruɗi sabon shiga wanda ya saba da takwas ko tara a sakandare. Mai son likitanci ya ɗauki kemistiri da nazarin halittu da fiziks ko lissafi, mai son kasuwanci ya ɗauki tattalin arziki da akanta da lissafi. Ba a cika wata guda ba yakan gane cewa uku ɗin nan sun fi taran can nauyi. Yaron da ya ci WAEC da hadda da bitar tsofaffin tambayoyi sai ya tarar ana ce masa ya bayyana dalili, ya auna hujjoji biyu, ya faɗi wadda ta fi ƙarfi. A darussan kimiyya kuma akwai takardar gwaji a aikace, inda za a tsayar da shi gaban kwalabe da ma'auni a ɗakin gwaje-gwaje, ba mai yi masa raɗa. A nan ne ake gane makarantar sakandaren da ta koyar da kimiyya a kan allo kawai.

Akwai kuma kalandar da ba ta jira. Neman gurbi a jami'o'in Birtaniya ana yin sa ne ta wata cibiya guda da ake kira UCAS, inda ɗalibi yake da damar zaɓi biyar. Mai neman likitanci, ko jami'ar Oxford ko ta Cambridge, dole takardunsa su shiga kafin tsakiyar Oktoba, saura kuwa suna da lokaci zuwa Janairu. Ke nan yaron da ya shiga kwaleji a Satumba zai nemi jami'a tun bai rubuta jarrabawar da za ta kai shi can ba. Abin da jami'a take dubawa a lokacin shi ne hasashen maki da malamansa suka rubuta, alhali malaman ba su fi mako shida da saninsa ba. Wannan hasashe yana jawo ja-in-ja tsakanin iyaye da hukumar makaranta, domin uba yana ganin tun da ya biya kuɗi ya kamata a rubuta wa ɗansa maki mai tsoka. Kwalejin da ta biye wa wannan kuwa kanta take yi wa, don ranar da sakamako na gaskiya ya fito a Agusta, gurbin da aka yi alkawari bisa sharaɗi yakan suɓuce, sunan makarantar kuma ya zube a idon jami'o'in.

Turanci wani shinge ne na daban. Wasu jami'o'in sukan amince da kyakkyawan sakamakon Turanci na WAEC, wasu kuwa sai an kawo musu jarrabawar IELTS, wadda take da sassa huɗu, sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma shekara biyu kawai sakamakonta yake aiki. Sashen magana, inda ake zaunar da ɗalibi gaba da gaba da mai jarrabawa na kimanin kwata ɗaya na sa'a, shi ne ya fi tsorata yaron da ya tashi a gidan da Hausa ce harshen tabarma da na kasuwa. Sau da yawa ba rashin sani ne yake kayar da shi ba. Tarbiyyar da ta koya masa sunkuyar da kai da taƙaita magana a gaban babba ita ce a nan ake karantawa a matsayin rashin ƙwarewa. Kwalejin da ta san aikinta takan fara warware wannan tun makon farko.

A ɗakin kwana kuma ana wani karatun da ba ya cikin manhaja. Ɗan mai shago a Kantin Kwari ko ɗan dilan hatsi a Dawanau yakan samu kansa a gado ɗaya da 'ya'yan manyan ma'aikatan banki da na 'yan siyasa, waɗanda suka sha zuwa Landan hutu. Irin wayar da mutum yake riƙewa, da takalmin da yake sawa, da yadda yake furta Turanci, duk sukan zama ma'auni. Wasu yaran wannan cuɗanya takan buɗe musu ido, su ƙulla abota da Yarabawa da Ibo wadda za ta yi musu rana a harkar kasuwanci nan gaba. Wasu kuwa takan jefa su cikin gasar kashe kuɗin da iyayensu ba su shirya mata ba. Sannan ga nauyin da ba a faɗi: yaron da ya san an sayar da fili ko an taɓa uwar kuɗi saboda shi ba ya iya buɗe baki ya ce fiziks ya gagare shi, sai ya yi shiru har jarrabawa ta tona.

Wani abin lura shi ne cewa kwalejin da ta fi tsada ita ta fi nesanta yaro da rayuwar da take jiransa. A nan akwai masu wanki da masu shara da kuku da direba. A can kuwa ɗaki ne ƙarami a gari mai sanyi, inda rana take faɗuwa tun ƙarfe huɗu a watan Disamba, kuma in bai ɗora tukunya ba sai ya kwana da yunwa. 'Yan mata, waɗanda aka fi nuna damuwa a kansu, galibi sun fi samari shirin wannan ɓangare.

Hanya biyu, haɗari biyu

Kafin a biya kafin alƙalami, akwai zaɓin da iyaye da yawa ba sa tsayawa su auna. Ban da A-Level, kwalejoji suna sayar da wani kwas na share fage na shekara ɗaya wanda ake shiryawa da haɗin gwiwar wasu jami'o'in waje. Ya fi sauƙi, ya fi sauri, kuma wanda ya ci yakan wuce kai tsaye. Sai dai takardarsa tana da daraja ne a wurin jami'o'in da suke cikin yarjejeniyar. A-Level kuwa kuɗi ne mai karɓuwa a kasuwanni da yawa, kuma mafi muhimmanci yana da ƙofar dawowa gida, domin hukumar JAMB tana amincewa da shi wajen shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, kamar yadda take amincewa da IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello da JUPEB wadda Jami'ar Ikko take jagoranta. Ba kowace takardar share fage ce take da wannan gata ba. Uban da bai da tabbacin cewa aljihunsa zai jure shekara huɗu na biyan fam ya kamata ya tambayi wannan a rubuce tun ranar farko.

Ya kamata kuma a san wa yake biyan mai ba da shawara. Jami'o'in waje da yawa suna biyan wakilansu la'ada, wato wani kaso daga kuɗin makarantar shekarar farko na duk ɗalibin da aka kawo musu. Wannan ba laifi ba ne, kowane dillali da la'adarsa yake ci. Amma ɗan kasuwar da ba zai taɓa sayen kaya bisa maganar dillalin mai kaya kaɗai ba, sai ga shi yana zaɓar wa ɗansa jami'a bisa maganar wanda jami'ar take biya. Manyan jami'o'in da ake rububinsu ba su cika bukatar dillali ba.

Su ma masu kwalejojin ba a kan gadon fure suke ba, ko da yake kuɗin da suke karɓa yakan sa a zaci haka. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da ƙarin kuɗin wutar lantarki ga rukunin A zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni a Afrilun 2024, da hauhawar farashin da ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, duk sun sauka a kan makarantar da dole ta ciyar da yara sau uku ta kuma kunna musu wuta. Kuɗin rajistar jarrabawa da littattafai da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje suna bin farashin fam. Uwa uba malamai: tun Fabrairun 2023 Birtaniya ta ba malaman Nijeriya na lissafi da kimiyya damar neman shaidar koyarwa a makarantunta. Ke nan hanyar da kwaleji take shimfiɗa wa ɗalibanta, ita ce malamin fiziks ɗinta yake bi ya tafi, wani lokaci a tsakiyar zango.

Inda lissafin yake karyewa

Tura yara karatu waje ya daɗe yana cin kuɗin musaya na ƙasar nan. Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Olayemi Cardoso, ya shaida wa Majalisar Wakilai a Fabrairun 2024 cewa tsakanin 2010 da 2020 an kashe dala biliyan 28.65 a kan karatu a ƙetare. Abin da wannan adadi bai nuna ba shi ne cewa wani ɓangare na kuɗin tallafi ne a fakaice. Kafin tsakiyar 2023, ta hanyar takardar nan da ake kira Fom A, uba yakan biya kuɗin makaranta ta banki a farashin gwamnati. A watan Mayun 2023 farashin ya kasance kimanin Naira 460 a kan dala, alhali a Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja ana sayar da ita sama da Naira 700. Wannan rata ta fiye da Naira 200 a kan kowace dala, ƙasa ce take ɗaukar ta a madadin gidajen da suka fi kowa hali. Ta fuskar tattalin arziki da wuya a kare irin wannan tsari, ko da yake waɗanda suka ci moriyarsa za su tuna cewa sukan yi watanni suna jiran banki.

A tsakiyar Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe farashin musaya ya bar kasuwa ta yi halinta. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500, fam kuma ya doshi Naira 2,000. Alal misali, kuɗin makaranta na fam 15,000, wanda a farashin gwamnati na Mayun 2023 bai kai Naira miliyan 9 ba, ya koma kimanin Naira miliyan 30 ba tare da jami'a ta ƙara ko sisi ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne yaran da suka riga suka tafi, domin sun yi nisan da komawa asara ce, ci gaba kuma ya gagara. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Nijeriya na Jami'ar Teesside da ke arewa maso gabashin Ingila ya bazu, inda aka dakatar da wasu daga karatu saboda gaza biya a kan lokaci, har aka umarce su da su bar ƙasar.

Ba wannan ne karo na farko ba. Dattawan 'yan kasuwa za su tuna cewa a farkon shekarun 1980 Naira ta fi dala daraja, sai tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da kasuwar musaya ta biyu da aka buɗe a Satumbar 1986 suka juya lissafin, yara da dama suka dawo gida ba takarda.

Kuɗin makaranta ma ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Daga Janairun 2025 Birtaniya ta bukaci ɗalibin da zai zauna a wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, wato fam 10,224, kuma an sake ɗaga adadin kafin ƙarshen shekarar. Harajin lafiya ya tashi daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara tun Fabrairun 2024, kuma ana biyan na dukan shekarun karatu ne gaba ɗaya tun kafin a ba da biza, abin da ya haura fam 2,300 ga mai digirin shekara uku. Kuɗin bizar kanta ya kai fam 524 a Afrilun 2025. In aka tara waɗannan da misalin fam 15,000 na sama, an wuce fam 28,000, kimanin Naira miliyan 56 a farashin Naira 2,000, ban da kuɗin jirgi da fasfo da gwajin tarin fuka da tufafin sanyi. Wannan daidai yake da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 na sama da shekara 66. Kuma shekarar farko ce kawai.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi cizon ɗan kasuwa fiye da ma'aikacin albashi. Kuɗin da za a nuna wa ofishin biza na Birtaniya dole su kwana 28 a jere a cikin asusun ɗalibi ko na iyayensa, ba tare da sun yi ƙasa da adadin da ake bukata ba ko da na yini ɗaya. Ma'aikacin da yake da ajiya bai damu ba. Amma arzikin ɗan kasuwa ba a banki yake kwana ba, yana cikin kaya a sito, da kwantenar da take kan ruwa, da bashin da yake hannun abokan ciniki. Mutum na iya mallakar dukiyar miliyan ɗari biyar ya rasa yadda zai daskarar da miliyan hamsin na wata guda, musamman da yake lokacin neman biza, Yuli da Agusta, yana zuwa ne gab da kaka, lokacin da mai harkar hatsi yake tattara kuɗin saye. Ba a fafe gora ranar tafiya: wannan wata guda tun farkon shekara ake ware masa kuɗi.

Wannan matsi ne ya haifar da wata sana'a ta bayan fage, inda wasu suke ba da hayar kuɗi a zuba a asusu na tsawon kwanakin, a biya su kuɗin ruwa, sannan su janye abinsu. Ban da batun riba, wanda ya isa ya hana da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, hanyar tana da haɗari biyu. In ofishin biza ya gano yaudara a cikin takardu, ana iya hana yaro shiga ƙasar har shekara goma. In kuma ba a gano ba, to an tura yaro ƙasar da aka ce yana da kuɗin zama alhali ba shi da su. Masu cewa zai yi aiki ya biya sun manta cewa doka ta kayyade wa ɗalibin digiri sa'a 20 a mako a lokacin karatu, abin da da ƙyar yake biyan haya da abinci, balle kuɗin makaranta.

Ƙofofin da ake hari su ma suna ta ƙuntata. A Yulin 2021 Birtaniya ta ba masu digiri damar zama shekara biyu su yi aiki, abin da ya sa a 2022 aka ba 'yan Nijeriya bizar karatu kusan 59,000, da wasu sama da 60,000 ga iyalansu. A Janairun 2024 aka hana akasarin ɗalibai tafiya da iyali, a Mayun 2025 kuma gwamnati ta bayyana niyyar rage shekara biyun zuwa wata 18. Kanada ta ninka kuɗin zaman da ake nunawa daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, ta kuma sa iyaka ga yawan ɗaliban da za ta karɓa. Amurka, inda 'yan Nijeriya kimanin 20,000 suke karatu a zangon 2023 zuwa 2024, ta taƙaita wa'adin biza ga 'yan ƙasar nan a Yulin 2025, sannan a Disamba ta sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da aka ƙuntata wa ba da biza, har da ta ɗalibai. Yaron da ya shiga kwaleji da niyyar wata ƙasa yana iya fitowa ya tarar dokar ta sauya.

Tallafin gwamnati ba abin dogaro ba ne ga wannan rukuni. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 an kafa shi ne don makarantun gwamnati na cikin gida, guraben Chevening da na Commonwealth kuwa na masu digiri na biyu ne zuwa sama.

Saboda haka iyalai da yawa na Arewa suka ƙara karkata ga Masar da Indiya da Malesiya da Turkiyya da Uganda, inda kuɗi ya fi sauƙi, wasunsu suna karɓar WAEC kai tsaye, sannan a wasu daga cikinsu abinci da wurin ibada ba sa zama matsala, abin da yake kwantar da hankalin iyayen 'yan mata. Nan ma akwai nasu haɗarin. Yaƙin Ukraine da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya tarwatsa dubban ɗaliban Nijeriya, akasarinsu masu karatun likitanci. A Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Khartoum, inda 'ya'yan Arewa suka daɗe suna cika Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, har sai da aka kwashe su a motoci zuwa iyakar Masar suka yi kwanaki a sahara. Hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙetare kuma ta sha gargaɗin iyaye game da Arewacin Cyprus, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa.

Sai batun dawowa, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Mai digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya yi hidimar ƙasa. Wanda ya karanta likitanci sai ya zauna jarrabawar Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya kafin a ba shi lasisin taɓa majinyaci, kuma hukumar ta sanar a 2022 cewa ba za ta amince da karatun likitanci da aka ƙarasa ta intanet daga Ukraine ba. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. Matakin ya rutsa da masu takardun boge, ya kuma haɗa da yaran da suka zauna a aji shekara uku ko huɗu iyayensu suna biyan sefa.